Agogon Akwati na Tara

Ni ce mai riƙe makullin ɗakin ƙasa,
Wietske, jikar masu ɗinkin koma.
A Hague ruwan sama ba ya sallama;
in jingine kekena a jiƙe, in sauka bene biyu
inda hujjoji ke kwana cikin sanyi, ba hayaniya.

Akwati na tara, leda mai lamba da hatimi:
agogon hannu, gilashinsa a tsage,
irin wanda motsin mai shi ke ba shi rai.
Da hannun ya daina motsi, ya ƙara kwana biyu
yana ƙirga duhu shi kaɗai a cikin rami,
ya tsaya ran sha huɗu ga wata. Ƙarfe ba ya ƙarya.

Anselmo ya tono shi, mutumin Lima,
wata uku gwiwa a laka, da cokali da buroshi.
Kan ƙasusuwan danginsa ya koyi sana'ar.
Ya miƙa wa Thandeka mai gabatar da ƙara,
ta kira tsohon malaminta a Geneva,
shi ya san wani mai gyaran agogo
da ya zo ya yi rantsuwa gaban alƙalai uku.
Haka muke: wane ya san wance, wance ta san wane,
kowa silin ƙasarsa, maɗauri guda, tsintsiya.

Duk kaka mukan taru a zaure kusa da teku,
suna a maƙale a ƙirji kamar kayan gwanjo.
Cuku, musayar kati, "Ina kike yanzu?"
Waccan kotu ta rufe, wannan na ɗaukar ma'aikata,
kuɗin bana sun makara, wata ƙasa ta janye hannu.
Gaspard, lauyan janar, shi ke zuba wa Thandeka shayi,
alhali da safe saura kaɗan su cinye juna.
Dā nakan ji haushin raharsu.
Yanzu na san mai haƙa kabari ma yana da ranar dariya.

Shekara goma sha ɗaya ana shari'a.
Zlatka tafinta, a kejinta na gilashi,
ta ce "ni" da bakin wanda ya ba da umarni,
bayan la'asar ta ce "ni" da bakin uwar yaron,
ta koma gida ta kasa haɗiyar miya.

Saura wata huɗu a yanke hukunci
janar ya mutu a gado, da likita a kansa.
Aka rufe fayil. Rana dubu ya ci tasa,
ba ta zo ba, ranar nan ɗaya ta mai kaya.

Sai wasiƙa daga ƙauye, rubutun jika:
"Ni ce Mevlida. Ba ku ba ni hukunci ba.
Ku ba ni agogon Elvedin."
Na buɗe kundin ƙa'ida, sashe bayan sashe,
babu layin da ya san da zaman tsohuwa.
Na ɗauki waya.

Thandeka tana Arusha, ta amsa cikin barci.
Anselmo na wani ramin, a wata nahiya.
Magatakarda ya ce sai ɓangarori sun yarda,
kuma wanda ya fara sa hannu, ban zata ba, Gaspard ne.
Bai ce uffan ba. Ya mayar da alƙalami aljihu,
idonsa a ƙasa, kamar mai jin kunya.

Zlatka ta ɗauke shi cikin aljihun rigar sanyi,
jirgin ƙasa biyu, mota, sannan hawan dutse a ƙafa.
Da dare ta kira ni, muryarta na rawa:
"Wietske, girgizar hanya ta tashe shi.
Tsohuwar ta kara shi a kunne, ta ƙi saukewa.
Yana tafiya."

Na sauka ɗakin ƙasa da safe.
A kundi akwai gurbin "halin da hujja take ciki".
Na daɗe da biro a hannu.
Akwati na tara ya ragu da nauyin agogo guda;
saura ɗari shida da goma sha ɗaya.