Gurbi Biyu a Takarda

A ofishin magajin garin Tawa, tebur na uku daga ƙofa,
nan nake wuni da biro da hatimin hukuma.
Takarda gurbi biyu gare ta, ba ta san na uku ba:
sunan yanka a sama, sunan gida a ƙasa.
Ruwan tulu ake so in juye a ludayi.

Ran Talata ƴaƴan kawuna uku suka shigo a jere,
uba ɗaya, akushi ɗaya, tsagar fuska iri ɗaya.
Babban ya ce a rubuta Alkasum Tankari,
don Tankari kakanmu ne, kansa rawanin ya fara zama.
Na tsakiya Nomau Ɗangaladima.
Ranar da aka kai shi lakwal
mushe ya tambayi bafade, ɗan wane ne?
Bakin bafade bai iya ɗaukar sunan ubangidansa,
sai ya faɗi sarautar, sarauta ta bushe a tawada.
Autan bai ce uffan ba, ya miƙo tsohon kati:
Illa Illa.
Yana ciki uban ya rasu, aka mayar masa da sunan,
yanzu shi ne ɗan, shi ne uban, a layi guda.

A gida ba wanda ya taɓa ruɗewa.
Inna Tsahara ko da wuƙa a wuya ba ta kiran sunan miji,
mai ɗakin gabas take cewa, kowa ya gane.
Sanƙira kuwa ina ruwansa da kati,
ya kama zare daga jariri, ya ja shi har kaka na tara
bai tsaya haɗiyar miyau ba.

Ni fa, ɗiyar ɗiya ce.
A cikin gidan aka binne cibiyar uwata,
amma suna ba ya bin nono, ta wutsiyar rawani yake gangarowa.
Rakiya Arzika nake, ɗiyar mai haƙar rijiya.
Bara, da aka zauna lissafin masu gadon karaga,
sanƙira ya biyo zare, ya iso kan uwata,
ya ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata.

Ban ji zafi ba.
To, na ji kaɗan.
Sai dai rijiyar bayan kasuwa har gobe ta Arzika ce,
masu guga na ambatonsa tun asuba
ba wanda ya liƙa musu ko dala.

Na buga hatimi sau uku.
Alkasum ya duƙo ya rage murya:
ƙanwata, ba kya haɗe mana su, su zama ɗaya?
Na ce wannan sai kotu, da shaidu biyu,
sannan ku ukun ku zauna
ku yarda wanne ne naku.

Suka dubi juna.
Kowa ya naɗe takardarsa ya sa aljihu.
Ta taga na hango su suna gardamar
wa zai zauna gaban mota.