Laccar Ƙarfe Takwas

Su ɗari da arba'in ne, ni kaɗai.
Fanka ɗaya ke juyawa, ita ma da ɗingishi.
Na ce kowa ya cika mini shafi a kan garinsu,
sai ga takardu tamanin da baki ɗaya:
"Tun fil azal, ɗan Adam..."
Wane ɗan Adam?
Ni Tasi'u nake nema,
wanda ya sauko daga motar Mani
da jaka guda da takalmin yayansa.
Huɗu bisa ashirin na ba shi, hannuna bai yi rawa ba.

Ranar Talata na kore su daga aji.
Na ce ku tafi Ƙofar Ƙaura,
ku tsaya a gaban mai faci.
Kada ku tambaye shi tarihin roba.
Ku dubi farcensa.
Ku dubi ruwan da ke cikin bahonsa.
Jimla biyar nake so,
kuma duk wanda ya rubuta "haƙiƙa"
zai biya ni naira hamsin.

Murjanatu shida ta kawo.
"Yana tsoma tiyub a ruwa kamar mai wankan jariri,
yana jira ya faɗa masa inda ke ciwo."
Na karanta sau biyu, na haɗiye yabona.
Taki in ya yi zafi, tsiro yake ƙonawa.
A gefe kawai na rubuta: sai kuma me?

Badamasi wayarsa ce ta rubuta masa.
Sumul, ba tabo,
kamar ɗakin da ba a taɓa kwana ciki ba.
Ban kai shi gaban kwamiti ba,
cewa na yi ya miƙe ya karanta da baki.
A layi na uku harshensa ya yi tuntuɓe
da wata kalmar da bai san gidansu ba.
Aji ya yi tsit, sai fankar nan.
Na ce kifa takardar.
Me mai facin ya ce maka?
Ya sosa ƙeya:
"Cewa ya yi in matsa, na tare masa haske."
Na ce zauna ka rubuta wannan.

Mako na biyar muka yi fiɗa.
Kowa ya miƙa wa na kusa da shi,
in sakin layin farko gaisuwa ce kawai, a datse.
Hindatu ta rungume tata:
"Malama, wannan layin kwana na yi a kansa."
Na sani, 'yar nan.
Akwai wani babi a ƙasan akwatina,
shekara goma sha ɗaya ina lallaɓa shi,
na kasa ba kowa wuƙar.
Wannan ban faɗa musu ba.

Ba duka suka zo hannu ba.
Talatin har yau suna nan a fil azal,
kuɗin "haƙiƙa" ya sayo mana alli kwali biyu.

Daren Alhamis, a Ƙofar Marusa,
an ɗauke wuta, yara sun yi barci,
na jingina fitilar waya da gwangwanin madara
ina ta juya tari.
Ta saba'in da ɗaya, rubutu a karkace:

"Takalmin yayana ya fi ƙafata da yatsa biyu.
Takarda nake cusawa a gaba.
Jiya ruwa ya dake ni a hanyar makaranta,
na zaro ta in shanya,
ashe wadda kika ba ni huɗu ce.
Jan ya zuba, ya rina mini safa.
Amma ta riƙe ni mako tara, ban faɗi ba."

Na laluba jaka, na laluba ƙarƙashin filo.
Jan biron yana bayan kunnena.
Na bar shi a can.