Bashin da Tsauni Ke Bi Na

Shekara talatin da ɗaya ina ciyar da wuta.
Ba wutar girki ba,
wutar tukunyar da ke tatsar furen ilan-ilan
har ya zubo da mai ɗigo-ɗigo,
turaren da za a kai Faransa
a shafa a wuyan waɗanda ba su taɓa jin sunan Nzuwani ba.

Tukunya ba ta ƙoshi.
Kwana da yini take ci,
gatarina ne cokalinta.
Na fara da mangwaron bakin hanya,
na hau, na ƙara hawa,
har inda gajimare ke kwana a kan rassa,
inda mrobwe ke tsaye tun kakana bai san wando ba.
Wanda na kayar ranar wata Talata,
mutum huɗu ba sa zagaye shi da hannu.
Da ya faɗi, jemagu suka tashi,
manyan nan baƙaƙe,
suna ta kewaya sararin da gidansu yake ɗazu.
Na ɗauka asarar tasu ce su kaɗai.

Kogin ƙauyenmu bai mutu rana ɗaya ba.
Murya ya fara ragewa,
kamar tsohon da ya lura ba a sauraronsa.
Sai ya daina zuwa da rani.
Sai duwatsun wanki suka yi fari fat.
Zalhata ta ƙara sa'a guda a tafiyar ɗiban ruwa,
daga baya biyu.
Ba ta taɓa ce mini uffan ba,
sai dai ta dire jarka kusa da gatarin
ta shige ɗaki.

Damina kuma ta zo a fusace.
Gonar Dwafiru ta bi ruwa zuwa teku
da rogonta da ayabarta,
teku ya yi jawur har inda masunta ke jefa ƙugiya.
A tsibiri babu wani wuri mai suna can.
Abin da ka ture daga tsauni yau,
gobe a komarka za ka tsince shi.

Wata safiya ga 'yar Sufiyani, mai renon dashe,
da takalman roba da ɗan littafi.
Na zaci zagi ta kawo.
Ta ce, "Baba Atumani, iri muke nema.
Iyayen itatuwan sun ƙare a ƙasa.
Wa ya san inda sauran suke, in ba kai ba?"

Na sani kuwa.
Guda bakwai ne, a gefen wani kwazazzabo.
Ba tausayi ya bar su ba,
santsin dutse ne ya hana ni kai musu.

Yanzu da buhu nake hawa.
Ina durƙusawa a gindinsu kamar mai neman gafara,
ina tsintar 'ya'ya cikin ruɓaɓɓen ganye.
Mun dasa ɗari biyu bara a kan idon ruwa:
awaki sun ci sittin,
rana ta ƙone ashirin da wani abu,
sauran sun kai gwiwata.
Tukunya tana nan, ciki ai ba ya hutu,
amma an sāke mata murhu mai ƙaramin baki,
itacenta kuma daga shingen gona muke sassabowa,
reshe, ba uwa ba.

Kada wani ya ce muku kogi ya dawo.
Bai dawo ba.
Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski,
ni kuwa askin ya fi sauran kwanana tsawo.

Jiya dai, da na dawo gida,
na ga Zalhata tana rage ruwan jarkarta,
ruwan sa'a biyu,
tana zuba wa 'yan dashen da ke bayan ɗaki.
Ta ɗago ta ce,
"Wannan na ƙarshen ya karkace. Nemo masa sanda."