Rubu'in Ƙwaya

Matakala ɗari da goma sha bakwai
tsakanin ƙofarmu da kasuwar kifi ta Valparaíso.
Ermelinda ta haddace su kamar sunayen jikokinta,
har ranar Larabar da ta ashirin da uku ta ci amanarta.

Ba santsi, ba ruwan sama.
Ƙafa ce ta taka, kai bai sani ba.

Tun daren da ƙasa ta girgiza, kwanuka suka zube,
take haɗiyar 'yar farar ƙwaya kafin ta kwanta.
Shekara goma sha huɗu.
Da fari ƙwayar ta yi rana, ban musa ba,
ta kwantar da tsuntsun da ke fuffuka a ƙirjinta.
Sai dai jiki ya tsufa, ita ƙwaya ba ta tsufa.
Abin da jini ke wankewa kafin asuba a da
yanzu kwana yake, ya yini, ya bi ta har bakin murhu.
Ta zuba gishiri a shayi.
Ta kira ni da sunan ƙanenta da teku ya cinye.
Muka ce tsufa ne.
Tsufa ya ɗauki laifin da ba duka ne nasa ba.

Likita Quilodrán, sa'ar autarmu,
ta ce in juye jakar magunguna a kan tebur.
Na hawan jini, na gwiwa, na mura mai kawo gyangyaɗi,
har ruwan inabin da muke kurɓa da dare ta ƙirga.
Ta ture farar gefe guda da bakin biro.
Na ce, to, yau sai kwandon shara.
Ta ɗaga hannu. A'a, Don Nibaldo,
yanke ta farat ɗaya ya fi faɗuwar haɗari.

Na gane.
Shekara talatin ina jan keken ƙarfe mai hawa tudun nan,
na san birki.
Wanda ya sake shi gaba ɗaya, da gawa zai isa ƙasa.

Yanzu ni ke yanka.
Rubu'i nake cirewa, sai mu jira makonni,
sai likita ta dubi idonta, ta ce a ƙara.
Akwai wata sabuwa ta safe, mai nawa kamar shuka,
ba a ganin tsironta sai wata ya juya,
ana auna gishirin jininta saboda ita.
Ranar Alhamis wani saurayi mai tabarau
yana koya mata numfashi, kamar ba da shi aka haife ta ba.
Ta yi masa dariya. Ta koya.

Akwai darare marasa kyau.
Ƙarfe uku, zufa, hannunta na rawa cikin nawa,
tana roƙona cikakkiya, guda ɗaya tak.
Sai mu buɗe taga mu ƙirga fitilun jiragen ruwa,
ta shaƙa a kan huɗu, ta saki a kan shida.
Wani daren yana yi. Wani daren sai dai gari ya waye mana.

Jiya ta ɗauki kwando da sandarta.
A ta ashirin da uku ta tsaya,
ta ƙwanƙwasa ta sau biyu, kamar mai sallama da maƙwabciyar da suka ɓata.
Ta waiwayo.
Nibaldo, ta ce, da sunana,
ka manta kuɗin kifi a kan tebur.