Yatsu Tara

Yatsu tara gare ni, ƙirga ka gani.
Na goman yana ƙarƙashin wata tifa a Sahara,
ranar da jak ya zame,
ni ko na yi ƙyuyar tokara kututture.
Minti biyu ne, na ce. Ƙarfe bai san minti ba.

Don haka, Sahabi, in ina faɗa
ba ƙin ka nake ba.
Tuɓe silifas ɗin nan, sa takalmi mai rufi.
Ruwan batir ba ya sallama kafin ya ci fata.
Bar tsotsar fetur da tiyo, bakinka na fura ne.
Ce wa mai shayi ya ja murhunsa gindin dogonyaro.

Sai baƙin mai.
Shekara nawa muna tuttule shi a kwata,
mu watsa ƙasa, mu ce ya tafi.
Ina ya tafi?
Damina ta goya shi zuwa fadama.
Da rani wani tsoho ya hauro daga bakin Rima
da dashen albasa a hannu, saiwar baƙi ƙirin.
Bai zage ni ba.
Ya aza kan bonet, ya juya.
Daren nan tuwo ya ƙi wuce mini.

Ga duro can, mai shuɗin murfi.
Juye ciki har ɗigon ƙarshe,
masu saye na zuwa ran Laraba.

An kira la'asar.
Wanke hannu da sabulu,
ina son in ga ka ɗaga kabbara
da goma cif.