Daga Ɗaya Zuwa Goma

Bas ta ajiye ni a Levenshulme cikin yayyafi,
jakata cike da takardun bincike,
tambaya arba'in da biyu, kowace da gurbinta.
Moira ta ce minti ashirin sun isa.

Gaisuwa kaɗai ta cinye su.
Iya Tasalla ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi sanyi,
ta ce in kashe abin naɗar murya
sai na sha kunun gyaɗa tukuna.

Na ce, Iya, ciwon ƙugun nan,
daga ɗaya zuwa goma, nawa za ki ba shi?
Ta dube ni
kamar na ce ta auna rijiya da ludayi.
Ta ce, da sauƙi.
Yatsunta kuwa sun damƙe hannun kujera
har jijiyoyi suka tashi.

Takarda ba ta san da sauƙi ba.
Bara wani ya rubuta mata biyu,
aka rage mata magani.

Wa za a kira in abu ya yi tsanani?
Ta sunkuyar da kai, ta ce, wancan yaron.
Ɗan fari ne. Shekara hamsin
bakinta bai taɓa kama sunansa ba.
A fayil ɗinta na ga an sa:
da alamar mantuwa.

Na fito ina hura hanci,
ni 'yar gida, mai jin abin da ba a faɗa ba.

Washegari gidan Mista Hargreaves,
tsohon direban jirgin ƙasa.
Ya zuba min shayi, ya yi zancen ruwan sama,
ya ce, ba laifi, bai kamata in koka ba.
Na rubuta uku, na wuce gaba.
A bakin ƙofa 'yarsa ta riƙe min riga:
Kwana biyar ke nan a zaune yake barci,
in ya kwanta ba ya iya tashi.

Laifi tudu ne.
Ina kan nawa nake hango na wani.

A bas na soke ukun,
na cika gefen takarda da ƙananan rubutu
har biro ya fara shaƙewa:
yatsu, kujera, kunu, shayi, shiru.

Moira ta juya takardar sama da ƙasa,
ta ce, wannan a wane layi za mu sa shi?
Na ce, jawo kujera.
Kin ci abinci?