Ja Ce, Amma Sunanta Farari

Yau Jos ta tashi da halin kirki.
Rana ta leƙo kamar baƙuwa mai kunya,
ta taɓa kwanon shagona, ta janye hannu.
Yayyafin asuba ya wanke Dilimi,
iska na gangarowa daga duwatsun Shere,
ba zafi, ba ɗari.

Irin wannan rana ce ke sa talaka cika baki.
Na ajiye almakashi, na fito da benci.
Sallau mai faci ya zo da gasasshiyar masara,
Dung ya bar janareton da yake kwancewa tun Talata,
muka zauna muna kallon gajimare
suna tafiya Bukuru ba sauri.

Sai Dung ya miƙo waya: "Tela, duba nan."
Wata mota ce, ja wur kamar tattasan Farin Gada,
ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare a kan fa,
kujera biyu tak, ba ruwanta da dangi.
Na ce, "Yaya sunanta?"
Ya ce, "Farari."

Na ce, "Ja ce, amma sunanta Farari?
Ashe ita ma da ƙarya ta fara, za mu shirya.
Ku shaida, na saya.
Alhaji Cindo kawai nake jira
ya biya kuɗin riguna uku na ƙaramar salla,
sai in cika da abin da ke cikin asusu,
in aika a kawo ta da wuri."

Sallau ya hau ƙirga sifilin ƙasan hoton.
Yatsunsa suka ƙare, ya ari nawa.
Ya ce, "Ko Filato kaf ka ɗinka wa wando,
har da waɗanda ke ciki ba a haifa ba,
madubin gefe ɗaya za ka samu."
Na ce, "A kawo madubin tukuna,
in riƙa ganin masu bina bashi a baya,
sauran jikin ya biyo a hankali, bisa tsari."

Dung ya yi dariya har masara ta sarƙe shi.
Ya ce, "To wa zai kai ta Anguwar Rogo?
Ramin ƙofar gidanka ya haɗiye akwala,
balle wannan mai jan ciki.
Sai mun yi gammo mu huɗu mun ɗauke ta a ka."
Sallau ya ce shi dai a bar masa tayoyin,
ƙusa ba ta san mai tsada ba,
facinsa na nan, naira ɗari.

Na ce, "Uwani fa, ina za ta zauna?
Ita a gaba, to buhun dankalin fa?
Yara huɗu su bi mu a guje?
Ga shan mai, an ce kamar rairayi.
Kai, ku bar ni in sake nazari."

Muna cikin rabon kujera biyu ga mutum bakwai
sai sama ta haɗe rai ta wajen Naraguta.
Iska ta kwashe ƙyallayen da na shanya,
Dung ya ruga ya rufe janareto da leda,
Sallau ya tafi da rabin masarata.
Ashe duk zaman nan kunne yake kasa mana,
hadari.

Na tura babur sau uku kafin ya yi tari.
Na tsaya Taminus na sayi atile,
na bi layi a hankali, ruwa na tsattsafa mini wuya.
Rufin motata a buɗe yake, kamar na masu kuɗi,
har na ɗaga wa ɗan sanda hannu.

Uwani ta karɓi ledar, ta dube ni a jiƙe,
ta ce, "Yau kuma me ya tsare ka?"
Na ce, "Mota na je saye, na fasa,
launin bai yi mini ba."
Ta ce, "Madalla. In ka samu shuɗiya,
ka biyo da gishiri,
namu ya ƙare tun jiya, Alhaji mai Farari."